Ƙofar Misis Hilda

Bolton, Ingila
18 ga Nuwamba, 1962

Zuwa ga Sahadatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida gaba ɗaya. Ki gaida Malam Jibirilu, wanda na san shi zai karanta miki wannan takarda, ki gaida maƙwabciyarmu Amama da mijinta, da duk wanda ya tambaye ni a bakin kasuwar Nima. Ni lafiyata ƙalau, sai wata mura da ta kama ni ta ƙi saki.

Bayan haka, zan faɗi wata magana, na kuma san za ki yi mini dariya. Kin tuna yadda nake dawowa daga gareji a Abose Okai, na wuni a ƙarƙashin mota, riga ta manne da baya, ina cewa Allah ya kai ni ƙasar da babu rana? To, Allah ya amsa. Na janye maganata, ki shaida. Rana a nan takan leƙo, amma ba ta da ɗumi, kamar wutar da ake hangowa a gidan wasu. Kafin la'asar ta yi nisa duhu ya rufe. Turawan da muke aiki tare sun ce wannan ba komai ba ne, sanyin gaske yana tafe.

Koyon gyaran injin bas yana tafiya daidai, sun ce sai watan Agusta za a sallame ni. Aikin ba ya damuna. Abin da ke damuna shi ne a nan sanyi raba mutane yake yi. A gida in damina ta kawo ɗan sanyi, kowa kurfotinki na gawayi yake zagayewa, ana shan koko ana musu. A nan kowa ƙofarsa yake rufewa. Sai in bi layinmu daga farko har ƙarshe ban ga wanda zan ce wa sannu ba.

Ina hayar ɗaki a saman bene, a gidan wata Baturiya mai suna Misis Hilda. Ita kaɗai ce a ƙasa. Washegarin zuwana na ƙwanƙwasa mata ƙofa da safe don in ce ina kwana, ta buɗe a firgice tana tambaya ko gobara ce. Na ce gaisuwa ce kawai. Ta daɗe tana kallona. Yanzu ta saba, har takan riga ni buɗewa.

Ina kewarki ƙwarai, ban ɓoye ba.

Naki,
Imoro

*

Nima, Ankara
5 ga Disamba, 1962

Masta,

Takardarka ta iso, na yi murna da jin kana lafiya. Mu ma lafiya lau, sai godiya. Mutanen gida suna amsawa. Ni ke faɗa, Malam Jibirilu ke rubutawa, saboda haka in ka ga magana mai daɗi ta yi ƙaranci, shi ya cinye ta don kunya.

Dariya kam na yi ta, har Amama ta leƙo ta ga ko lafiya. Ashe mai son sanyi ya gamu da masoyinsa! Ni dai ra'ayina bai canza ba, ni da zafi ba za mu taɓa shiri ba. Tun asuba ina kan kaskon ƙosai, mai yana tafasa a gabana, rana tana dukana ta baya. In na koma ɗaki, kwanon rufin nan ya gama dafa shi. Mai jin sanyi ai riga zai ƙara. Ni me zan cire? In akwai kwalba a kusa, ka ɗura mini sanyin nan ka aiko, zan biya ka da yaji.

Ka shafa man kaɗanya a ƙirji da tafin ƙafa, ka daina wanka da sassafe. Kuma ka san abin da za ka riƙa rubutawa, don kunnen Malam ya ƙara nauyi, in yana karatu har masu jiran motar turoturo a bakin titi suna ji. Duk gidan nan sun san kana mura, har mai sayar da kenke ta ce a yi maka sannu.

Gida cike yake da mutane kamar kullum, amma da na tura ƙofar ɗakinmu sai shiru. Har yau hannuna bai koyi auna garin tuwon mutum ɗaya ba, kullum sai ya yi saura. Ran nan wata mota ta tsaya a ƙofar gida, direban ya yi tari irin naka, na fito da ludayi a hannu.

Allah ya tsare, ya dawo da kai lafiya.

Taka,
Sahadatu

*

Bolton
30 ga Disamba, 1962

Sahadatu,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Murar ta tafi, man kaɗanya ya yi aiki.

Kin ce mai jin sanyi riga yake ƙarawa. Na ƙara har riguna sun ƙare, har da babbar rigar ɗaurin aurenmu nake kwana. Sanyin da suka ce yana tafe ya iso. Ƙanƙara ta sauko kamar ana tankaɗe gari daga sama, ta rufe titi, ta rufe motoci. Ruwan famfon ɗakina ya daskare a cikin bututu. Ran Juma'a na tashi alwala na tarar ruwan buta ya zama dutse, na zauna a bakin gado riƙe da butar, hawaye suka zo mini, ni babba da ni.

Amma Allah bai bar ni haka ba. Misis Hilda ta ji ina fama, ta kira ni ƙasa. Yanzu kullum ita ke dafa mini ruwan alwala da na wanka. Suna da wata kwalba ta roba da ake cikawa da ruwan zafi, ita take sa mini a cikin bargo kafin in hau, sai in tarar da gado da ɗumi. Da na dawo daga aiki a kicin ɗinta nake zama, a gaban murhu, muna shan shayi. Tana ba ni labarin mijinta da ya rasu a yaƙi, ni kuma ina ba ta labarin Nima. Rabin Turancinta ba na kamawa, amma muryar mutum ce, ta wadatar.

Ni kuma abin da nake yi mata, kwal ɗin da suke hura wuta da shi a wani ɗan ɗaki yake can bayan gida, hanyar duk santsi. Kowace safiya in na gaishe ta sai in cika mata bokiti in shigo da shi. Kin ga hankalinki sai ya kwanta, mijinki ya samu mai kula da shi.

Naki,
Imoro

*

Nima
9 ga Janairu, 1963

Masta,

Muna lafiya. Ina fatan kana lafiya, ko da yake na ji ka samu mai kula da kai.

Ranar da takardarka ta zo, mata suna tsakar gida suna wanki. Malam ya ɗaga murya yadda ya saba. Da ya kai wurin ruwan wanka, hannuwa suka tsaya a cikin baho. Da ya kai wurin gado, shi kansa ya yi tari ya so ya tsallake, amma ya makara. Amama ta tafa hannu ta ce, "Ei, Sahadatu! Mace ya dafa ma mijinka ruwan wanka, ya gyara mishi gado, kai kana nan kana soya ƙosai?" Kafin azahar maganar ta kai unguwar Mamobi. Jiya wata ta zo sayen koko, ta ce in gaida amarya oburoni, wato Baturiya.

Ka gaya mini, a ina aka taɓa jin macen da ba uwarka ba, ba matarka ba, ta dafa maka ruwan wanka? Tun da aka kawo ni ɗakinka, wa ya taɓa ɗora maka ruwa in ba ni ba? Kuma bazawara ce, mijinta ya mutu a yaƙi. Matan da mazansu ba su dawo daga yaƙin Bama ba muna ganinsu a unguwar nan, da ƙarfinsu, wasu sun sake aure har sun haihu. Kai kuma ka ce hankalina ya kwanta.

Ba kishi ne ya fi cina ba, kunya ce. Ba ni da uwa a garin nan, ba ni da ɗa, kai kaɗai ne abin da nake ɗaga kai da shi. Yanzu in na fita da tire sai in ji idanu a bayana.

In har ina da sauran daraja a wurinka, ka rantse mini ba za ka ƙara taka kicin ɗinta ba, ba za ka ƙara taɓa ƙofarta ba, kuma ba za ka karɓi komai daga hannunta ba. Ka rubuto rantsuwar, a karanta a tsakar gida kowa ya ji. In sanyi ne, maza da yawa sun sha shi ba su mutu ba.

Sahadatu

*

Bolton
18 ga Janairu, 1963

Sahadatu,

Na samu takardarki. Lafiyata ƙalau.

Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Yaƙin da nake nufi ba na Bama ba ne. Na farko ne, wanda aka yi tun ba a haifi babanki ba. Misis Hilda ta haura saba'in. Haƙoranta da dare a kofi suke kwana. Da sanda take tafiya, in ta hau bene kawo kwalbar nan sai ta huta a tsakiya. Wannan ce amaryar da Amama ta ɗaura mini. Laifina ne da ban faɗi shekarunta ba, ban taɓa zaton sai na faɗa ba.

Amma tun da zaman da muka yi bai isa ki yarda da ni ba sai da rantsuwa, ga ta. Wallahi tallahi ba zan ƙara shiga kicin ɗinta ba, ba zan ƙwanƙwasa ƙofarta ba, ba zan karɓi komai daga hannunta ba, har sai ke da bakinki kin warware. Malam Jibirilu, ka ɗaga murya da kyau a nan, har na bakin titi su ji.

Yau da safe na fara. Na sauko a hankali na fice ta ƙofar gaba. Na ji ta buɗe tata a bayana, ban waiwaya ba.

Imoro

*

Bolton
3 ga Fabrairu, 1963

Sahadatu,

Ina gaisuwa, ina yi muku barka da shan ruwa. Shiru ban ji daga gare ki ba. Ko masu wasiƙa ne ƙanƙara ta tsare, ko fushi ne, ban sani ba. Kullum in na dawo sai na duba ƙasan ƙofa.

Azumi a nan gajere ne, wannan kaɗai zan yaba wa sanyi. Kafin yunwa ta kama mutum rana ta faɗi. Amma ni kaɗai nake shan ruwa, da burodi da ruwan da na ɗumama a kan ɗan murhun ɗakina, babu kiran salla, babu mai miƙo kunu. Na gwammace dogon azumin Nima da ƙishirwarsa. Tsofaffin garin nan sun ce ba su taɓa ganin sanyi irin na bana ba.

Rantsuwa tana nan, ban karya ba. Na gaya wa tsohuwar daga kan bene cewa addinina ne ya hana, don ban san yadda zan fassara mata Amama ba. Ta ce ta gane. Duk da haka sai ta riƙa ajiye mini kofin shayi a kan matakala, da faranti a rufe. Nakan tsallake shi in hau. Da safe in tarar ta ɗauke, da yamma ga wani. Sahadatu, tsallake kofin nan ya fi mini sanyin wuya.

Ki ce wani abu, ko faɗa ne.

Imoro

*

Nima
12 ga Fabrairu, 1963

Masta,

Barka da shan ruwa. Ina lafiya, sai kunyarka da ta hana ni sakat.

Ba fushi ne ya hana ni amsa ba. Wan Malam Jibirilu ne ya rasu a Salaga, ya tafi, ya daɗe, sai jiya ya dawo. Takardunka biyu suna ƙarƙashin matashi duk kwanakin nan. Ina ɗaukowa in juya su in mayar. Akwai masu karatu a unguwa, amma na ji tsoron abin da ke ciki, ban so wani sabon baki ya ɗauka ya yawata da shi. Na ce gara in jira.

Da aka karanta, ban san inda zan sa kaina ba. Haƙora a kofi! Mata suka yi ta dariya, Amama ta ce ita dama ta san Imoro ba zai yi haka ba. Ka ji mutane. Ni ban yi dariya ba, hankalina yana kan maganar kofin shayin nan.

Na warware, Masta. Na warware da bakina, Malam shaida ne, Allah shaida ne. Da ka karanta wannan ka sauka ka buga mata ƙofa. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce matarka ce ta yi wauta, ba addini ba ne. Ka sha shayinta, ka zauna a gaban wutarta har ka yi gumi. Ka ce mata wata a Nima tana godiya da ruwan da ta dafa, don aikina ne ta yi mini. Akwai wani mai aikin jirgin ruwa a Mamobi da zai taso bayan salla, zan ba shi man kaɗanya na gwiwarta.

Ka yafe mini. Zafin garin nan ne ya hau mini kai.

Taka,
Sahadatu

*

Bolton
20 ga Fabrairu, 1963

Sahadatu,

Takardarki ta iso jiya. Na gode, na kuma yafe, babu komai a raina game da ke. Jikina lafiya.

Kada ki ba mai jirgin ruwa man kaɗanyar. Misis Hilda ta rasu.

Bayan takardata ta ƙarshe, kofin ya daina zuwa kan matakala. Na ce ta gaji ne, ta yi fushi, kuma tana da gaskiya. Da duhu nake fita, da duhu nake dawowa, ban lura da komai ba. Ran Lahadi, da yake babu aiki, na fito da rana sai na ga kwalaben madararta a jere a bakin ƙofa, duk sun daskare, babu wadda aka ɗauka. Na ɗaga kai, babu hayaƙi a saman gidan. A nan na karya rantsuwa. Na buga, na kira, na sa kafaɗa na ɓalle ƙofar.

Tana zaune a kujerarta a gaban murhu, da kwat ɗinta da hula, bargo a kan gwiwa. Murhun ya mutu, bokitin kwal babu komai. Ta ƙona har da ƙafar wata tsohuwar kujera. Kwal kuwa yana nan cike a ɗakin baya, inda ƙafarta ba za ta iya kai ta ba saboda santsi. Likita ya ce sanyi ne, kuma ta kwana biyu a haka. Ina sama da ita duk lokacin, katako ne kawai tsakaninmu.

Ɗaukar kwal ba ya cikin abin da kika nema. Da na ga dama da na cika bokitin na ajiye a bakin ƙofarta ban taɓa ƙofar ba. Zuciya ce ta hana ni, ina so ki ga iyakar abin da kika sa ni. Wannan nawa ne, kada ki ɗauka.

An binne ta ran Juma'a. Mu da muka je ba mu cika benci ɗaya ba a cocin. Aka gama, kowa ya ɗaga kwalar rigarsa ya kama hanya. Babu zama, babu wanda ya ce wa wani ya haƙuri. Wani ɗan 'yar uwarta ya zo daga nesa, ya kulle ɗakunan ƙasa, ya ce in zauna a sama har ya samu mai sayen gidan. Ni kaɗai ne a ciki yanzu. Zan yi kaffarar rantsuwa bayan salla.

Naki,
Imoro

*

Nima
2 ga Maris, 1963

Masta,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Na san babu wanda ya faɗa maka, shi ya sa na fara da shi. Mun yi salla lafiya, ban yi kitso ba.

Da Malam ya ga farkon takardar ya so mu shiga ɗaki. Na ce a'a, a tsakar gida aka fara, a nan za a gama. Ya karanta har ƙarshe. Washegari ban kai ƙosai kasuwa ba, na soya na raba wa duk mai wucewa, na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinmu na zauna. Aka yi ta shigowa ana yi mini gaisuwa. Wasu sun tambaya wa ya rasu, na ce tsohuwar gidanmu ce. Amama ta zo ta zauna a gefena tun safe har la'asar, ba ta iya haɗa ido da ni ba.

Ka ce kada in ɗauka. Ai ni na nemi rantsuwar, Masta. Mu raba, ba za ka ɗauke shi kai kaɗai a cikin wancan gidan ba.

Zafi ya dawo da ƙarfinsa, ban ƙara yi masa ƙorafi ba. A nan ko ƙofa mutum ya makara bai buɗe ba, kafin hantsi an leƙo an ce lafiya. Tun ranar da aka karanta takardarka abu ɗaya nake juyawa a raina: kana sama, ƙasa a kulle, maƙwabta ba su san sunanka ba. In murar nan ta dawo ta kwantar da kai, sai yaushe za a sani?

Agusta da nisa. Ka rubuto mini duk Juma'a, ko layi ɗaya ne, ko sunanka kawai, na san yadda kake jan harafin farko, ba sai an karanta mini ba. In mako ya wuce ban gani ba, ni ban san ƙofar wanda zan buga ba.

Taka,
Sahadatu